Mai Jinya Ne Ko Ɗan Kasuwa? Hukuncin Wanda Aka Wakilta Kan Maganin Wiwi

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya saukar da cuta, Ya kuma saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, jinyar marar lafiya aiki ne mai daraja ƙwarai a Musulunci. Ya isa hujja a tuna cewa Sayyidina Usmanu ɗan Affan, Allah Ya yarda da shi, bai halarci yaƙin Badar ba a shekara ta 2 bayan Hijira, domin yana jinyar matarsa Ruƙayya, 'yar Manzon Allah. Duk da haka Annabi, mai tsira da amincin Allah, ya ba shi rabonsa na ganima, ya kuma shaida masa cewa yana da ladan wanda ya halarta, kamar yadda Buhari ya kawo.

To, amma jinya tana da wani sashe da ba a cika magana a kansa ba, watau riƙon magani. Wanda ciwo ya kwantar ba ya iya zuwa ɗakin magani da ƙafarsa. Wani ne ke karɓo masa, ya ajiye, ya auna, ya ba shi. In maganin zazzaɓi ne, babu wata magana. Amma idan abin da ke hannun mai jinya abu ne mai taɓa hankali, wanda doka ke kama mutum a kansa, kasuwa kuma ke nemansa ido rufe, tilas a tambaya: wane ne ya cancanci a danƙa masa shi? An daɗe ana tafka shari'a a kan wannan tambaya a Amurka game da tabar wiwi, kuma abin da ya gudana a can ya cancanci Musulmi ya dube shi da ma'aunin fiƙihu.

A watan Nuwamba na 1996 mutanen Jihar Kaliforniya suka jefa ƙuri'a a kan wata shawara mai lamba 215, ta kuwa sami kashi 55 cikin ɗari da 'yan kai. Ita ce jiha ta farko a Amurka da ta yarje wa marar lafiya ya mallaki wiwi ko ya shuka shi don magani, in likita ya ba shi shawarar haka. A shekarun nan cutar ƙanjamau ta yi ɓarna mai yawa a birnin San Faransisko, kuma daga can ne yunƙurin ya sami ƙarfi. Dokar ta ambaci sankara, da ƙanjamau, da ciwo mai naci, da ƙin cin abinci, da amosanin gaɓɓai, da ciwon ɓarin kai, da waɗansu, sa'an nan ta ƙara da cewa har da duk wata cuta da wiwi ke sauƙaƙa ta. Da ya ke da yawa daga cikin irin waɗannan marasa lafiya ba su iya noma ko fita, sai dokar ta ba da kariya ga mutum na biyu, wanda ta kira babban mai jinya. Ta siffanta shi da abu biyu: ya zama marar lafiyan ne ya zaɓe shi, kuma ya zama ya daɗe yana ɗauke da nauyin matsuguninsa, ko lafiyarsa, ko tsaronsa, a kai a kai.

Mutane suka kama siffa ta farko, suka yi watsi da ta biyu. Wata ƙungiya a San Faransisko mai sayar wa dubban mutane wiwi ta riƙa sa kowane mai saye ya sa hannu a takarda cewa ya naɗa masu ƙungiyar su zama masu jinyarsa. A 1997 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta ce wannan ba jinya ba ce. A 2003 majalisar jihar ta yi doka mai lamba 420 don ta tsara al'amarin. Ta fito da katin shaida wanda ma'aikatar lafiya ta gunduma ke bayarwa na tsawon shekara guda ga wanda ya so. Ta ce mai jinya ya kai shekara 18, sai fa in shi ne mahaifin yaron da ba shi da lafiya, ko wanda doka ta ba ikon yanke shawara kan lafiyarsa. Ta ce wanda ke jinyar fiye da mutum ɗaya, lalle su kasance gari ɗaya ko gunduma ɗaya da shi. Ta yarda a biya shi abin da ya kashe da ladan wahalarsa daidai gwargwado, amma ba ta yarda ya yi noma don riba ba.

Duk da haka gardama ba ta mutu ba sai a Nuwamba 2008, cikin shari'ar da aka fi sani da sunan Mentch. Wani mutum ne a gundumar Santa Kuruz aka kama a 2003, bayan ma'aikatan banki sun lura cewa kuɗin da ya ke kawowa ajiya suna warin wiwi. Da aka bincika gidansa aka tarar da shuke-shuke masu yawa. Ya ce shi mai jinya ne ga waɗansu mutane biyar masu takardar likita, yana noma musu, yana ba su shawara kan irin da ya dace da ciwonsu, wani lokaci ma ya kai wani ganin likita. Kotun Ƙoli ta Kaliforniya ta ƙi karɓar wannan uzuri. Ta ce wanda zai amsa sunan babban mai jinya sai ya nuna cewa yana jinya a kai a kai, kuma jinyar tana tsaye da ƙafarta ko da an cire zancen wiwi, kuma ta fara ne kafin ya ɗauki nauyin kawo wiwin, ko a daidai lokacin. Watau ba a fara da ciniki sa'an nan a yafa masa rigar jinya daga baya. Miji mai kula da matarsa, da ɗa mai kula da mahaifinsa, da ma'aikaciyar jinya mai zama da wanda ke bakin ajali, su ne dokar ta nufa.

Waɗansu jihohi sun bi hanyar ƙidaya. Dokar Mishigan ta 2008 ta ce mai jinya ya kai shekara 21, kada ya zama an taɓa kama shi da babban laifin ƙwaya, kada ya wuce marasa lafiya 5, kuma ga kowannensu kada ya riƙe fiye da oza biyu da rabi, watau wajen giram 70, da shuka 12 a wuri rufaffe mai makulli.

Wannan ke nan a wajen dokar Amurka. Amma katin hukuma ba ya halatta abin da Allah Ya hana, saboda haka kafin a yi maganar mai ɗauka, sai an san hukuncin abin da aka ɗauka.

Limamai huɗu ba su yi magana a kan wiwi ba, domin shansa bai yaɗu a ƙasashen Musulmi ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 6 da farkon na 7 bayan Hijira, kamar yadda Ibnu Taimiyya ya ambata. Malaman da suka riske shi sun haɗu a kan haramcin shansa don jin daɗi, har Zarkashi ya rubuta littafi sukutum a kan haka. Inda suka saɓa shi ne wane aji za a sa shi. Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 684 bayan Hijira, ya kasa masu taɓa hankali gida uku a littafinsa Al-Furuƙ: mai sa maye tare da nishaɗi kamar giya, da mai ruɗa hankali ba tare da nishaɗin ba, da mai kwantar da mutum har ya daina ji da gani. Ya sa wiwi a gida na biyu, don haka a wurinsa ba najasa ba ne, kuma horon ladabtarwa a ke yi wa mai shansa, ba haddi ba. Shehu Abdullahi Manufi kuwa, malamin Sidi Halil, ya ce mai sa maye ne, ya kafa hujja da cewa ana ganin mashayansa suna sayar da dukiyarsu saboda shi, da ba su jin daɗinsa da ba su yi haka ba. Ibnu Taimiyya ma haka ya tafi, ya ce a yi wa mai shansa haddin giya. Duk wanda ya ga yadda wiwi ke cinye samari a yau zai ji hujjar Manufi ta zauna masa, balle wiwin wannan zamani da manoma suka ƙara wa ƙarfi fiye da na da.

Wannan saɓani ba na banza ba ne, domin a kansa zancen magani ya rataya. Giya dai an rufe ƙofarta. Muslim ya ruwaito cewa Ɗariƙu ɗan Suwaidu ya ce yana yin ta ne don magani, Annabi ya sanar da shi cewa ita cuta ce, ba magani ba. Muhtasar na Halil ya hana magani da ita ko da shafawa ne. Amma ga tsirrai masu gusar da hankali malamai sun bar ƙofar larura. Nawawi ya halatta a sha abin da ke gusar da hankali idan za a yanke hannun da ya ruɓe, Malikiyya irin su Ibnu Farhun ma sun faɗi kamar haka. A kan wannan tushe ne Musulmi ke karɓar allurar barci kafin tiyata, da mofin ga mai sankara, babu mai musu.

Saboda haka ba a cewa sam wiwi ba ya shiga magani. A 1985 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wata ƙwaya mai suna Marinol, wadda ke ɗauke da sinadarin nan na THC mai sa maye, don tsai da aman masu karɓar maganin sankara. A 2018 ta amince da Epidiolex, wanda a ke tatsowa daga tsiron, don waɗansu nau'o'i biyu na farfaɗiyar yara masu tsanani. Sinadarinsa, CBD, ba ya sa maye, saboda haka al'amarinsa ya fi sauƙi nesa. Amma larura tana da sharuɗɗa. Aya ta 173 a Suratul Baƙara, da ta ɗauke laifi ga wanda ya matsu, ta gindaya cewa kada ya zama mai neman abin don sha'awa, kada kuma ya ƙetare iyaka. Daga nan malamai suka ce sai ciwon ya zama na gaske, sai likita masani amintacce ya tabbatar da amfanin, sai an rasa halal da zai tsaya a madadinsa, sa'an nan a tsaya a kan gwargwadon buƙata. A nan ne dokar Kaliforniya ta yi sako-sako. Dokar da ta wadatu da shawarar likita ko da ta baki ce, ta kuma buɗe ƙofa ga kowace irin cuta, ta sa mai ɗan ciwon baya da mai sankarar ƙashi a layi ɗaya. Ba abin mamaki ba ne da shekara 20 bayan haka, a 2016, jihar ta halatta wa manya shansa ko babu ciwo. Kwalba mai awo da likita ya rubuta daban ta ke da naɗi a takarda a zuƙa, wanda ba a san yawan abin da ya shiga jiki ba.

To, yanzu ga mai jinya. Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito daga Anas cewa an la'anci mutum goma game da giya, kuma cikinsu har da mai ɗaukarta da wanda aka kai wa, da mai sayarwa da mai cin kuɗinta. Aya ta 2 a Suratul Ma'ida kuma ta hana taimakon juna a kan zunubi. Asalin hukuncin mai noma wiwi da mai dakonsa ke nan. Shi mai jinya lafiyarsa lau, babu larurar da ta same shi. Abin da ya fitar da shi daga sahun masu ɗaukar haram abu ɗaya ne tak, watau larurar wanda ya ke yi wa hidima. Albarkacin kaza ne ƙadangare ya zo bakin kasko, sai dai wannan ƙadangaren ba a yarje masa ko kurɓi ɗaya ba. In marar lafiyan bai cika sharuɗɗa ba, mai jinya ba shi da inuwar da zai fake, ko da katinsa na aljihu.

A fiƙihu sunan wannan matsayi wakilci. Malamai sun kafa hujjar halaccinsa da aya ta 19 a Suratul Kahfi, inda samarin kogo suka aiki ɗayansu da azurfa ya sayo musu abinci, da kuma hadisin Urwatul Bariƙi wanda Annabi ya ba dinari ya sayo akuya. Marar lafiya mai hankali shi ke zaɓen wakilinsa. Yaro kuwa, da wanda ciwo ya gusar wa hankali, waliyyinsa ke tsaya masa, kamar yadda aya ta 282 a Baƙara ta nuna game da rarrauna. Kuma tun da amana ce, ba a danƙa ta ga wanda aka san yana sha. Ba a ba kura ajiyar nama. Ko wanda ya tuba, tausaya masa shi ne a nisanta shi daga abin da ya sha wahala kafin ya rabu da shi.

Hukuncin 2008 ya dace da fiƙihu a wuri mafi muhimmanci, kuma yana da kyau mai karatu ya ga dalilin. Ƙa'idar malamai ita ce larura ana auna ta da gwargwadonta, kuma abin da aka halatta don uzuri yana komawa haram in uzurin ya gushe. To, wa zai san ya gushe? Likita yana ganin marar lafiya na 'yan mintoci ne, sa'an nan sai bayan makonni. Wanda ke juya shi a kan gado, ya ɗura masa kunu, ya wanke masa tufafi, ya kwana yana jin nishinsa, shi ne ya san ko ciwon ya lafa, ko abinci ya fara shiga, ko kuwa maganin ya fara sa shi sambatu da tsoron mutane. Shi ne zai koma wa likita ya ce a rage ko a daina, domin babu abin da ya ke so kamar ya ga ranar da ba a bukatar maganin. Mai kawo kaya kawai kuwa, ranar da larura ta ƙare ranar cinikinsa ya mutu. Ba a ɗora wa mutum aikin auna abin da ya ke cin riba da yawansa. Alƙalan Kaliforniya ba su karanta Al-Furuƙ ba, amma hankali ya kai su inda ƙa'ida ta riga ta tsaya.

Wannan bai hana mai jinya karɓar lada ba. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta bar wa waliyyin maraya matalauci ya ci daidai da abin da aka saba, ta kuma nemi mawadaci ya kame. Ijara a kan jinya halal ce, a biya shi kwanakinsa da wahalarsa da kuɗin motarsa. Abin ƙi shi ne ladansa ya riƙa hawa da nauyin ganyen da ya kawo.

Akwai iyaka biyu da masu jinya ke yawan ƙetarewa da kyakkyawar niyya. Ta farko, mai jinya ba likita ba ne. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya shiga aikin magani ba a san shi da sani ba, shi zai ɗauki nauyin ɓarnar da ta auku. Wakili amintacce ne, ba a tuhumarsa da abin da ya lalace a hannunsa, amma da ya ƙara awo da ra'ayinsa, ko ya bar kwalba inda jika zai ɗauka, ya fita daga wannan kariya. Ta biyu, ba a ɗura wa mai hankali abin da ya ƙi. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ba da labari cewa a ciwon ajalin Annabi sun zuba masa magani ta gefen baki yana yi musu nuni da su bari, suka ɗauka ƙin magani ne irin na marar lafiya. Da ya farfaɗo sai ya yi umurni a zuba wa duk wanda ke wurin, ban da Abbas, domin shi bai halarta ba. In tsoho ya ce ya gwammace ya jure ciwo da ya rasa natsuwarsa a salla, ba hakkin ɗansa ba ne ya sa masa a shayi a ɓoye.

Musulmin da ke zaune a Amurka, musamman baƙi masu aikin kula da tsofaffi a gidaje, akwai wani haɗari a gabansu. Dokar tarayya ta 1970 ta sa wiwi a jerin ƙwayoyi mafi tsananin hani, kuma a 2005 Kotun Ƙoli ta ƙasar, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, ta ce gwamnatin tarayya na da ikon hana shi ko da jiha ta yarda. Ɗaya daga cikin matan da suka kai wannan ƙara masu jinya biyu ne ke noma mata kyauta. A 2019 hukumar shige da fice ta bayyana cewa hulɗa da wiwi na iya hana baƙo takardar zama ɗan ƙasa, ko a jihar da ta halatta shi. A 2024 ma'aikatar shari'a ta gabatar da shawarar sassauta matsayinsa. Wanda aka nema ya karɓi wannan wakilci, ya fara neman shawarar lauya kan yadda doka ta ke a ranar, domin shari'a ba ta ɗora wa mutum ya jefa iyalinsa cikin wahala a kan aikin da wani zai iya yi ba.

A Nijeriya kuwa maganar ba ta taso ba ta fuskar doka. Wiwi haramtacce ne tun kafin dokar soja ta 1966 da ta tsananta hukuncinsa, an kafa hukumar NDLEA a 1989, kuma a Disamba 2020, da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ta sassauta matsayin wiwi da ƙuri'a 27 a kan 25, Nijeriya na cikin waɗanda suka ƙi. Wanda ya shuka shi a bayan gida da sunan maganin mahaifiyarsa ya saɓa wa doka, ya kuma yi wa kansa likita. Sai dai hukunce-hukuncen da aka ambata suna hawa kan duk wanda ke riƙe da mofin ko taramadol na wani marar lafiya a gida, kuma ƙasar da ta hana yin ruwan maganin tari mai kodin a 2018 saboda yadda ya ɓata matasa ta san inda maganin da ya kuɓuce daga hannun amana ke zuwa.

Wakilci yana ƙarewa. Marar lafiya na da ikon sauke wakilinsa duk ran da ya so, kuma dokar Kaliforniya ta 2003 ta ce mai kati ya sanar da gunduma cikin kwana 7 in ya canja mai jinya, tsohon kuma ya mayar da katinsa. Yana ƙarewa kuma da warkewa ko da mutuwa. Ragowar maganin da aka bari a kan tebur bayan an fita da gawa ba ya zama na mai jinya don ya sha wahala. Ba ya dacewa magada su raba shi kamar sauran kaya, ba a sayar da shi a biya bashin asibiti, ba a kuma miƙa wa maƙwabci sadaka don an ji yana kukan ciwon ƙafa, domin izinin na mutum ɗaya ne, ya kuwa tafi da shi. Sai a mayar wa ɗakin maganin da ya bayar, ko a lalata shi yadda ma'aikatan lafiya suka nuna, kuma ya fi kyau a yi haka a gaban wani daga cikin magada.